Takalmin Mushe Rabe a Layin Banki

Mushe Rabe ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni a Maradi, ina shan kunu a tsaye. Ƙanena ya kira ya ce in zauna tukuna. Ban zauna ba, kuma har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mishi sutura a Madarumfa kafin azahar, da ƙyar na samu sallar.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koya mana lissafi a kwaleji, Mushe kuwa haka muke kiran malamin boko a nan. Ranar jarrabawata ta ƙarshe zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya goya ni a moto har bakin aji, ya zauna ƙarƙashin bishiya sai da na fito. Lokacin da mahaifiyata ke jinya, kullum sai ganyen salati da tumatir sun zo daga garkarshi ta bakin tabki. Bai taɓa shigowa a gode mishi ba, a zaure yake ajiyewa ya juya.

Amma akwai abin da mutane da yawa suka san shi da shi, suna kuma yi mishi dariya a kai.

Tun kafin ya ajiye aiki, Litinin ɗin farko ta kowane wata sai ya zo Maradi ya shiga layin banki. Ba ajiya ya zo yi ba, ba cira ba. Ƙarfe bakwai na safe yana ƙofar bankin farko, in ya gama ya wuce na biyu, sannan na uku, kullum a jere ɗaya. Kun san yadda muke layi a nan, kowa ya aje takalminshi a ƙasa ya koma inuwa. Mushe sai ya ƙirga takalman da ke gabanshi, ya aje nashi, ya duba agogo, ya rubuta a kaye, littafin rubutunshi. In ya kai gaban mai biyan kuɗi ya sake duba agogo, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar gida, ya fita.

Shekara goma sha ɗaya yana haka, wata guda bai taɓa tsallakewa ba.

Da na shiga jami'a na zaɓi in yi rubutun ƙarshen karatuna kan yadda ake auna ingancin aikin bankuna daga shekara zuwa shekara. Na je mishi da ƙafafa, na ce yanzu ba da takalmi ake awo ba. Ana ɗaukar rahoton banki ne, a duba ma'aikata nawa, reshe nawa, mi aka kashe, mi aka fitar, na'ura ta yi lissafi. Ya bar ni na gama surutuna tsaf. Ya ce duk wannan daidai ne, in yi shi, amma rahoto abin da banki ya faɗa game da kanshi ne. Malamin makarantar da ya taso daga Gabi tun asuba ya bar aji ba kowa, yininshi bai shiga rahoton ba, kuma shi ma abu ne da aka kashe.

Ya buɗe mini kayen. Ga shekarar da aka kawo injin cirar kuɗi, layi ya ragu. Ga inda ya sake tsawo don rezo, wato layin sadarwa, na yawan ɗaukewa. Ga bankin da ya ƙara ma'aikata amma jiran bai motsa ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Abin da ya fi ba shi wahala ba rana ba ce, ladabin mutane ne. Da an ga furfura sai a ce Baba wuce gaba. Shi kuma ya ƙi. Har faɗa an taɓa yi da shi, wani ya ce tsohon nan girman kai ke gare shi. In ya wuce, awon ya lalace, amma wa zai tsaya ya fahimci wannan a cikin zafin rana?

Sau ɗaya ya aike ni bankin na uku, yana tsaye a na biyu. Mai gadin ɗan unguwarmu ne, ya ganni ya ja ni ciki ta gefe. Na dawo ina murna da ɗan gajeren lokacina. Mushe ya kalli agogo, ya kalle ni, ya ce wa na sani a can. Na faɗa mishi. Ya soke abin da na rubuta, ya tafi da kanshi ya bi layin daga ƙarshe. Ranar sai bayan la'asar muka kama hanyar gida.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ce. Ƙafafunshi sun kumbura, takalmin ma ba ya shiga, a hannu ya riƙo shi don ya aje a layi. Na yi fushi, na ce ya koma gida don Allah, wata guda ba zai rushe komai ba.

Ya ce: “Ɗana, in na bar rami a tsakiya, ranar da za ka kai wa bankunan takardar nan ramin za su nuna, ba za su dubi sauran ba.”

To ga inda nake yanzu. Yau Asabar. Jibi ne addu'ar uku, da safe. Jibin nan kuma ita ce Litinin ɗin farko ta wata.

Babana ya ce kada in kuskura. Mutumin da ya yi maka abin da ya yi, a ce an taru ana mishi addu'a kai kana tsaye ƙofar banki, garin nan ba zai manta ba. Gaskiyarshi, na san mutanenmu. Na shiga ciki wajen Inna Hajo, matar marigayi, ban ma kai ga buɗe baki ba. Ta miƙo mini kayen daga bayan labule.

Ta ce: “Ya ja layin jibi a kayen tun shekaranjiya. Tashi ka je ka cika mishi.”

Na buɗe, ga kwanan watan da hannunshi, gurbin a buɗe.

Don haka zan tafi. Na je na durƙusa na ba Baba haƙuri, bai ce e ba, amma bai sake hanawa ba. Zan bi wannan watan, in bi na gaba, har in gama rubutun nan, in sa lissafin rahotonsu gefe da kayen Mushe, in kai wa shugabannin bankunan nan hannu da hannu. Wanda zai zage ni ya zaga, na ji na ɗauka.

Allah Ya jiƙan Mushe Rabe, Ya yafe mishi kurakuranshi, Ya haskaka kabarinshi, Ya sauƙaƙa mishi tsayuwar ranar hisabi. Allah Ya ba Inna Hajo da ƴaƴanshi haƙurin rashi.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ku kuma ƴan Madarumfa da za ku zauna a ƙofar gidanshi jibi, in liman ya ɗaga hannu, ku ce amin sau biyu. Ɗayar tawa ce.