Kalmar Sirri a Bangon Zaure

Shekarar da Inna ta rasu na yanke shawarar sayen kwamfutar tafi-da-gidanka. A makarantar da nake koyarwa na ce don aiki ne. Gaskiyar kuwa, muryar Inna nake son adanawa. Na sha ɗaukar ta a waya tana surfe tana waƙa, ko tana yi mana faɗa, kuma duk suna can a ma'ajiyata ta intanet.

Baba ya ce ƙafarsa ƙafata. Mutumin da ya shekara arba'in yana zaɓen shanun huɗa a kasuwar Ɗambatta ba zai bari a cuci 'yarsa a Kano ba.

A shagon, mai kaya ya ɗauko wata siririya yana yabon saurinta. Baba ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya taɓe baki.

"Wannan ba ta ƙoshi ba. Kawo mai jiki."

Ya ƙwanƙwasa bayan kowace, ya leƙa ramukan gefenta kamar mai duba haƙora. Ni ina tambayar girman ma'adana, shi yana tambayar ko tana jure ƙura. Tambaya ɗaya ya yi da ta fi duk nawa: in babu wuta, awa nawa take yi? A kanta muka tsaya, muka ɗauki wata baƙa mai kauri, wadda har yau kafaɗata ba ta yafe masa ba.

Mai shagon ya ga kalmar sirrin ma'ajiyata shekarar haihuwata ce, ya yi salati. Ya sa na canja wata doguwa mai haruffa da lambobi, ya ce in rubuta ta a wuri amintacce.

A gidanmu wuri amintacce ɗaya ne: bangon zaure. Nan Baba yake rubuta ranar shuka da ranar da saniya ta haihu, da gawayi. Ya rubuta kalmar da ajami, wai don kada ɓarawo ya gane, a garin da kowa ya yi makarantar allo. Na yi dariya na ƙyale shi. Ni da nake ganin kaina wayayya ban rubuta ko'ina ba, tunda kwamfutar tana tunawa. Sauke muryoyin kuma kullum sai in ce gobe.

Bayan shekara biyu wayata ta faɗa rijiya. A watan nan kwamfutar ta ƙi tashi, mai gyara ya wanke ta tas. Na garzaya gida, na tarar da zaure sumul. An yi masa sabon yaɓe saboda damina ta kusa.

"Baba, ina rubutun?"

"Yana nan a ƙarƙashi," in ji shi. "Ai ba a taɓa shi ba."

Ban yi dariya ba. Na zauna kan tabarma na gwada duk abin da na tuna, aka ƙi. Daga ƙarshe shafin ma'ajiyar ya ce zai aika lambar tabbatarwa zuwa layin da na ba shi tun farko. Da na ga ƙarshen lambar layin, sai na gane shi. Layin Inna ne. Nata na sa, don ita kaɗai ce wayarta ba ta ɓata, kullum tana ƙulle a bakin zane. Na kuma san layin da aka daɗe ba a taɓa ba rufe shi ake yi. Sai na fashe da kuka, na gaya wa Baba na zubar da muryarta da hannuna.

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Ya dawo da 'yar wayarta, da igiyar robar da ta ɗaure murfin da ita. A kunne take, da caji.

"Aika," ya ce.

Wayar ta yi ƙara a tafinsa. Na kwafi lambar, ma'ajiyar ta buɗe. Sannan na tambaye shi yadda aka yi layin bai mutu ba.

Ya kau da kai yana kallon sabon yaɓen.

"Duk Juma'a nake kiran wayata da ita," ya ce. "Don in ga sunanta ya fito."