Filafili na Uku a Hannun Dama

Ni a bakin tabki aka yanke min cibiya. Ubana masunci ne, kakana ma haka, kuma tun ina yarinya nake gane jirgin da zai ci tsere daga ƙarar filafilansa kawai. Ban yi makaranta ba, amma a kan kwale-kwale babu malamin da zai zaunar da ni.

Shekarar da yaran daji masu bindiga suka kore mu, a unguwar Mairi muka sauka, cikin birni. Mazanmu da suka saba da taru suka koma dako a Kasuwar Kwastam. Ɗana na fari bai zo tare da mu ba. Ya ce mu yi gaba, zai ɓoye jirginmu cikin ciyawa ya biyo mu. Na taho masa da filafilinsa a cikin tabarma, don kada ya yi masa nauyi a hanya. Bai biyo mu ba. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya ce ya gan shi.

Da damina ta uku ta cika kogin Ngadabul, sai mazanmu suka haɗa wani tsohon jirgi, suka shiga tsere da 'yan kasuwar Lamisula duk Juma'a bayan la'asar. Ba don wata kyauta ba. Ruwa suke marmari. Sau uku ana yi, sau uku masu auna gero suna barin 'ya'yan tabki a baya. Suna wucewa suna ɗaga musu hannu: "Wushe, wushe, sannunku masunta! Mu turo muku jaki ya ja ku?"

Wannan magana ta iso ni har gindin murhu. Na ɗauki mayafina.

Ƙanena ne ke riƙe da baya, shi ke saita jirgin. Na ce su kifa shi. Gansakuka ta kama cikinsa kamar gemu, na sa suka kankare da fasasshiyar kwalba, suka shafe da mai. Na mayar da masu ƙiba tsakiya. Na ga kowa yana tsoma filafili lokacin da ya ga dama, kamar mata a bakin rijiya, sai na zauna a gaɓa da ƙwarya ina bugawa, ba mai tsomawa sai ya ji bugu. Wanda ya riga ni, na kira shi da sunan da uwarsa ke zaginsa da shi. Cikin mako biyu jirgin ya fara tafiya kamar ana jan sa da igiya.

Amma yana karkata dama. Kullum dama.

Dalilin a fili yake. Mutum huɗu a hagu, uku a dama. A mazauni na uku a daman filafilin ɗana ne a kwance, ni na ba su shi ranar da suka haɗa jirgin. A wurinmu ba a zama a gurbin mutum sai uwarsa ta ɗaga filafilinsa da hannunta, kuma uwa ba ta ɗagawa sai ta yarda ba zai dawo ba. Ba wanda ya isa ya taɓa.

Ni kuwa ina son karkatar nan. Idan jirgin ya juya hanci, sai in ga kamar ɗana ne a zaune yana jan su gida. Wani lokaci ina buga ƙwarya, kunnena na ƙirga filafilai takwas.

Juma'ar da ta biyo baya saura kaɗan su ci, jirgin ya kauce ya shiga ciyawa. Ƙanena ya fito, ya tsuguna gabana.

"Yaya, ƙarfina duk a gyaran hanya yake ƙarewa."

"To ka ƙara cin tuwo."

"Kin fi kowa sanin ciwon jirgin nan."

"Ni za ka koya wa jirgi? Ni na yi maka wanka a cikinsa!"

Ya ce kawai, "Damina uku ke nan, Yaya." Ya tashi.

Ranar Alhamis na je gaɓa da hantsi, suna gwaji. Akwai wani maƙwabcinmu Shuwa da shanunsa suka ƙare a daji, kullum yana zuwa kallo, har ya koyi tuƙi. Na tattare zanena na shiga ruwa zuwa gwiwa. Na ɗaga filafilin. Wurin da tafin ɗana ya cinye icen yana nan, santsi. Na miƙa wa mutumin. Ya ja da baya, ya ce, "Iya, ba zan iya ba." Na ce, "Karɓi, kafin hannuna ya ƙi."

Washegari suka ci. An ce min da tsawon jirgi guda suka bar 'yan Lamisula, an ce har da kabbara. Ni ban gani ba. Ina buga ƙwarya, ina kallon hancin jirgin ko zai ɗan juya dama, ko da kaɗan ne. Ya tafi sak.

Da na koma gida na ɗora tukunya, na auna garin tuwo. Hannuna ya koma cikin buhu don ƙarin nan da nake yi kullum, na mutum ɗaya. Na fito da shi ba komai, sannan na ɗaure bakin buhun.