Tatsuniyar Iya Guda Ɗaya da Taurarin Isufu

Ku matso kusa in ba ku labarin kakarmu. Sai dai ku yi haƙuri da ni, ban iya gajarta magana ba, kuma kwanakin nan in na zauna sai da dabara nake tashi.

A unguwar Biafra na girma, cikin Treichville ta birnin Abidjan, a irin gidan hayar nan da muke kira kur: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ta kowa da kowa. Kakata ta wajen uwa, da muke kira Iya, ita ke ɗakin da ke kusa da ƙofa. Daga wajen Maraɗi aka zo da ita tun tana yarinya. Da safe ta soya fanke, da yamma ta soya aloko, wato ayabar suya, a bakin titi. Bayan magariba takan shigo da furnonta, murhun gawayin nan, garwashin bai gama mutuwa ba, ta dire shi a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu kusa da shi duk zafin Abidjan, wai ƙasusuwanta ne ke jin sanyin ruwan da ya kewaye garin. Mu jikoki da yaran maƙwabta sai mu zagaye ta, wani na lakatar abin da ya maƙale a kasko, wani na marin sauro.

Abin da zai ba ku mamaki, tatsuniya ɗaya tak Iya ta sani. Tsohuwar ɗakin gaba tana da su fal, kullum sabuwa, amma tamu guda ɗaya ce. Mun sha yi mata gori.

"Lokacin da sa'o'ina ke zaune ana ba su tatsuniya, ni ina bin hanya da farantin goro a ka," in ji ta. "Wannan ma a bayan mota na tsince ta. Wanda bai so ya je ya kwanta."

Ba wanda ke tashi.

Takan yi doguwar hamma ta ce, "To, tsohuwar baƙuwarku ta sake zuwa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wai Wata ne ya tsufa, ya raba sararin sama ga 'ya'yansa taurari. Autarsu, wata 'yar mitsitsiya da ake kira Ɗigo, ta tafi ɗibar ruwa aka yi rabon. Manya suka kwashe tsakiya inda haske yake, aka bar mata can lungu, ba komai sai rijiya da guga. Ba ta yi ƙorafi ba. Duk ƙananan taurarin da ke gefenta, wanda ya zo ta ja masa ruwa. Ana nan sai ga Mai Wutsiya, wani ƙaton tauraro da ba ɗan gidan ba, ya taso yana haɗiye duk wanda ya tarar. Manyan nan kowa ya ce shi kaɗai ya ishe shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lanƙwame. Da ya iso lungu, ƙishirwa ta kama shi, wutsiyarsa na cin wuta. Ɗigo da maƙwabtanta suka rufe rijiyar, suka kashe fitilunsu, suka yi shiru. Ya yi ta lalube cikin duhu har wutarsa ta cinye shi.

Tatsuniyar ke nan. Ko fanken farko bai soyu ba an gama ta.

To amma Iya ba ta cika ba da ita a haka ba. Sai ta ɗauki gawayi ta ɗiɗɗiga a kan siminti, ga taurari, ta aike mu mu tsinto marafan kwalba. Sannan ta cire wani abu daga cikin labarin.

"Yau Ɗigo ba ta da guga. Hadiza, ƙawata, ya za ta yi?"

Ni ce Hadiza. Sai in yi ta zufa ina tunani. Wata rana ta ce, "Yau ku ne Mai Wutsiya, ku gaya mini wa za ku fara ci, kuma don me." Wata rana ta ce ba faɗa, duk wanda ya ambaci yaƙi ya fita daga sama. Akwai Sani, ɗan kawuna, shi kullum yaƙi yake so, kullum shi ake fara kora, ya koma gindin famfo yana zumɓura baki. Mu yi ta gardama muna tura marafan kwalba, ita kuwa ta jingina da bango ta lumshe ido. Can sai ka ji ta ce, "A'a, Wata bai yarda da wannan ba," ba tare da ta buɗe ido ba. Wani lokaci dabararmu ta ƙi, Mai Wutsiya ya haɗiye mu duka. Sai ta ce, "To, Allah ya jiƙanku. Matattu su wanke mini kasko."

Ƙanina Isufu bai samu wannan ba, yana rarrafe Iya ta rasu. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya dawo hannuna a Adjamé, inda nake aure. Yaro ne na lekol, ɗan boko, Faransanci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa sai a hankali. Yana da wani tsohon ordinate, kwamfutar nan ta ɗorawa a cinya, a ciki akwai wasan da ya fi so. A ba ka duniya ɗaya a cikin taurari, ka yi ta gini, ka ƙera jirage, ka nemo wasu taurarin, ka yi ciniki ko ka yi yaƙi da waɗanda ka tarar. Ni ban yi nisa a karatu ba, rubutun ba na gane shi, amma kunnena ya san wasan. Daga madafa nake gane ƙarar da ke nufin an kawo masa hari.

Sai rikicin bayan zaɓe na 2011 ya zo. Maigidana ya tafi sarin kaya Nijar, hanya ta rufe da shi a can. Kasuwa ta mutu, babu mota a titi, Adjamé da ba ka jin muryar na kusa da kai saboda hon ɗin motoci ta yi tsit, sai ƙarar bindiga. A mararraba an kafa shingaye, ana tare samari ana tambayarsu suna. Isufu saurayi ne dogo, kuma sunansa ba ya ɓoyuwa, da ji an san ɗan arewa ne. Aikina ɗaya a lokacin, kada ya taka waje.

Wata safiya na fito na same shi yana ɗaura igiyar takalmi.

"Ina zuwa?"

"Nan Indénié, Yaya. Yanzu zan dawo."

"Indénié ɗin ne nan?"

Ya yi mini bayani yana kallon ƙasa. Wai wasan yana da ƙari da ake sayarwa daban, sababbin mutane, manyan jirage, sabon fili. Wani abokinsa mai shago a can ya kwashe kayansa ya kai gida, kuma yana da faifan.

"Wanda nake da shi ya ƙare mini, Yaya. Na ci shi ta gaba, na ci shi ta baya. In na ƙara wuni ina kallon bangon nan, wallahi sai kin ɗaure ni."

Na san ba wasa yake yi ba. Yawancin yaran da suka fita a kwanakin nan ba jarumta ta fitar da su ba, zaman ne ya ishe su. Ƙarfi kuma ba zan gwada da shi ba, ya fi ni tsawo da kai guda. In na yi kuka zai jira in shiga wanka ya fice. Sai na ja kujera na zauna.

"Buɗe in gani."

"Ke? Ke da ko waya sai na danna miki?"

"Buɗe dai, ɗan rainin wayo. A cikin mutanen nan wa ya fi kowa lalacewa?"

Ya nuna mini wasu halittu kamar dodon koɗi, wai ba sa sauri, ba su iya faɗa ba, ba wanda ke ɗaukarsu.

"Su za ka ɗauka. Kuma ba za ka ƙera jirgin yaƙi ko ɗaya ba."

"Haba Yaya, ai kafin azahar an cinye ni."

"Ashe ba ka gama shi ba."

Ya dube ni, ya dubi ordinate ɗin. Sai ya sa ƙafa ya tuɓe takalmi ɗaya. Na biyun yana ƙafarsa har la'asar, bai ma san yana nan ba.

An cinye shi kuwa, har sau biyu. A na uku ya gano cewa in ya yi ta aika wa maƙwabta kaya, su ke tare masa faɗa. Washegari na ce kada ya wuce lungun da aka ajiye shi, ko da taurari na kiransa da suna. Wata rana muka raɗa wa taurarin sunayen unguwanni, yarana biyu suka zauna suna kallo, da aka ƙwace Biafra ƙaramar har da hawaye. Wanda ya fi ba shi haushi shi ne ranar da na ce ni ce sarauniya shi waziri, duk abin da na faɗa sai ya yi. Duk abokin gabar da ya leƙo sai in ce a kai masa gaisuwa da kyauta.

"Yaya, kin mayar mini da daula gidan suna."

"Waziri ba ya musu. Danna."

In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, batir ya mutu, sai mu zauna gaban furno ina dafa 'yar shinkafar da ta rage. A nan na ba shi tatsuniyar Iya, karo na farko a rayuwarsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaya, mene ne guga?" Na rasa dariya zan yi ko kuka. Yaron da ke mulkin taurari bai taɓa ganin rijiya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na gaji. Ba na barcin kirki, kowace ƙara sai in zabura in leƙa shimfiɗarsa. Da asuba ina alwala ina tunanin wace doka zan kafa masa yau, wadda za ta riƙe shi har magariba. Dabarata ta fara ƙarewa. Wani yammaci ya ce, "Gobe me za a hana ni?" Na jingina da bango na ce, "Gobe kai da yara za ku zaɓa, ni dai in na ji abin da bai yi mini ba zan yi magana." Suka kaure da gardama, ni kuwa idona ya rufe da kansa.

A cikin wannan gyangyaɗin na fahimci Iya. Shekara da shekaru ina ɗauka hikima ce ta sa take cire guga, take hana yaƙi. Ashe mace ce da ta wuni a gaban mai tun asuba, bakinta ma ya gaji da motsi, ga yara cike da gida, ga titin Biafra a bayan ƙofa da duk abin da ke cikinsa bayan duhu. Ba ta da sabon abin da za ta ba mu. Sai ta rage wanda take da shi, ta bar mu da aikin cikewa, ita ta samu ta runtsa kuma ta san inda kowannenmu yake.

Isufu bai fita ba sai da motoci suka dawo titi. Akwai wata maƙwabciyarmu da nata ɗan ya ce zai je nan kusa ya dawo. Bai dawo ba. Har yau in mun haɗu a bakin famfo gaisuwa kawai muke yi, ban san me zan ƙara ba.

Daga baya ya sayo ƙarin nan nasa. Ya kira ni ya nuna mini manyan jiragen, na ce sun yi kyau, don kuwa sun yi. Yanzu shi kaɗai yake yi, da abin ji a kunne, bai sake tambayata doka ba. Ban ji haushi ba. Yana ɗakinsa, ina jin tarinsa ta bango, ni wannan ya ishe ni.

Ku fa, in ranar ta zo da bakin ƙofa ya zama abin tsoro, abu ɗaya tak ke hannunku, kuma wanda kuke so ya riga ya gaji da shi, me za ku cire daga ciki don ya zauna?