Mashin Ɗin Kawu da Man da Na Zuba Masa

Shekarar da na gama bautar ƙasa, a ɗakin baya na gidan Kawu nake zaune a Nassarawa, ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Hotoro. Da aka yi masa sauyin wurin aiki zuwa kudu, sai ya miƙa mini makullin mashin ɗinsa a bakin ƙofa, jakarsa tana hannu.

Ya ce, "Amana ce, Malam. Yadda na ba ka haka nake so in same shi. Ka dai lura da man da kake zuba masa."

Mai yiwuwa da wani ya faɗa wa, da ya ce to ya wuce. Ni kuwa sai na zauna da waya ina bincike. A nan na karanta cewa fetur yana da lamba, oktan ake ce mata, kuma kowane inji da lambar da ta dace da shi. Idan ta yi ƙasa, man yakan kama wuta kafin lokacinsa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa daga ciki har ya ci kansa. Ban ce na fahimci komai ba, amma wannan ya zauna mini a rai.

Na je gidan mai na tambayi mai zubawa wace lamba ce tasu. Ya dubi famfon, ya dube ni.

"Yallaɓai, fetur dai fetur ne. Ga na gas can in shi kake so."

"A'a, ƙarfinsa nake nufi."

"Ƙarfi kam yana da shi. Na nawa za a zuba? Mutane na jira."

Na zaga gidajen mai da dama, amsar ba ta canza ba. Da na ga lambar ba za ta samu ba, sai na zaɓi gida guda wanda na ga motocin ofisoshi suna yawan shiga, na ce wataƙila su sun san abin da ban sani ba. Daga nan ban ƙara shan mai a ko'ina ba. 'Yan bumburutu kuwa, masu sayarwa a galan a gefen titi, ko kallonsu ba na yi, don an sha cewa wasu suna haɗawa da kananzir. Ban taɓa gani da idona ba, amma ban ga wanda ya ƙaryata ba.

Sai wahalar mai ta zo. Layin gidan man nan yakan miƙe har ƙarƙashin darbejiyoyin da ke jikin katangar wani ofishi, mu masu mashin muna turawa da ƙafa kaɗan-kaɗan. Nakan baro makaranta da alli a hannun riga in shiga layi, in yi la'asar a nan. Wani lokaci ana gab da zuwa kaina a ce ya ƙare. Matar Kawu, da muke kira Anti, takan ajiye mini abinci ya huce.

"Kai da mashin ɗin nan, wa ke hawan wani?" in ji ta. "Kawunka ma bai yi masa wannan bautar ba."

Ko a kan hanya ba na hutawa. Nakan karkata kai ina sauraron injin. Kowane ƙaras sai in tsaya a gefe, in tarar sarƙa ce ta saki ko tsakuwa ce.

Wata safiya ta jarrabawa mai ya ƙare, mashin ɗin ya mutu mini a hanyar Gawuna, takardun yara suna ɗaure a baya. Na kwantar da shi gefe guda yadda na ga ana yi, ya tashi, ya ɗan tafi, ya sake mutuwa. A tsallaken titi ga wani dattijo da galan da mazurari. Na daɗe a tsaye ina gumi kafin na tura na je.

"Baba, mai kyau ne?"

"Kai ma ka san ba zan ce maka marar kyau ba ne. Shinshina."

Na shinshina. Warin fetur ne, iyakar abin da hancina ya gaya mini ke nan. Ya zuba, na taka, ya tashi. Har na isa makaranta ina jiran ƙwanƙwasar nan. Ban ji ta ba, ko kuma na ji ban gane ba. Tun daga ranar nake shirya yadda zan yi wa Kawu bayani, ina kuma ƙosawa ya dawo ya karɓi kayansa in yi barci.

Da ya dawo, a mota ya dawo, tasa ta kansa. Na wanke mashin ɗin, na goge har salansa, na tura shi gaban baranda. Bayan an gaisa na miƙa makulli da hannu biyu, na fara cewa akwai wata rana da dole ta sa na zuba masa man gefen titi, kodayake ban ji ya canza murya ba, amma zai fi kyau ya tayar ya saurara da kansa.

Bai ko dubi inda mashin ɗin yake ba. Yana kwance agogonsa ya ce, "Ni da gwiwar nan ina zan kai shi? Riƙe abinka, na bar maka. Ka dai kula da shi."

Anti ta ce, "To, an ɗaura aure."

Na yi godiya sosai, kuma har zuciyata na yi ta. Sai dai da na tura shi na mayar inda yake kwana, na daɗe zaune a kansa ban sauka ba. Na buɗe tanki na girgiza, na ji saura kaɗan. Washegari bayan an tashi daga makaranta na koma layin nan na ƙarƙashin darbejiya.