Ni Na Hana a Buɗe Jijiyar Ƙafar Matata

Da ana iya janye magana bayan ta fita, da na janye amsar da na ba wani likita a kan ƙafar matata. A lokacin ni direba ne da ya ajiye aiki, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma a majalisar bakin masallacinmu babu wanda ya kai ni saurin yanke hukunci. Ita kuwa tela ce, da kekenta na ƙafa take ɗinka wa matan layinmu kayan sallah.

Ciwon da tafiya ya fara. In za mu gidan 'yarmu a Daurawa sai ta riƙa tsayawa tana dafa bango, ta ce sharaɓarta ta ɗaure, ni kuma in yi gaba ina mita wai son jiki ne. Daga baya ƙafar hagun ta koma sanyi ƙalau ko da rana tsaka. Na kira wanzami ya yi mata ƙaho, ya ce mataccen jini ne. Ni da hannuna na tura mata kaskon garwashi don ta ji ɗumi. Ba ta ji zafin wutar ba sai da babban yatsa ya ƙone, ƙunar kuma ta ƙi warkewa.

'Yar maƙwabcinmu, ma'aikaciyar jinya, ita ta matsa muka je asibiti. Likitan yaro ne sa'an ɗana. Da ya ji ni direba ne sai ya ce in ɗauka tiyon mai ne ya toshe: jijiyar da ke kai jini ƙafa ta kumbura daga ciki ta tsuke. Ya ce suna bincike a kan irin wannan kumburi da yadda ake buɗe jijiyar, in mun yarda za su sa ta ciki su riƙa bibiyarta, in ma ba mu son binciken, aikin dai kada a jinkirta shi. Ya tambaye ta, ta ce sai abin da Malam ya ce. Na tambayi ta ina za a shiga, ya ce ta matsematsi za a zura siririyar waya. Na tambayi wa zai yi, ya ce shi da abokan aikinsa. Nan na miƙe na ce ta ɗauki mayafinta mu tafi.

Da na kai maganar majalisa aka yi ta jinjina mini. Wani ya ce gwaji kawai za a yi da ita. Wani Alhaji ya ce in na bari ƙattai suka buɗe mini iyali, to in cire hula in ɗaura ɗankwali, aka kwashe da dariya. Liman kaɗai ya ja ni gefe ya ce lalura ta halatta wannan, na yi kamar ban ji ba. Yarinyar nan ma'aikaciyar jinya ta zo har zaure ta durƙusa, tana kirana Baba, tana cewa ƙafar ba ta da sauran lokaci. Na ce in yanka take sha'awa ta kai uwarta.

Yatsan ya yi baƙi, ya fara wari, baƙin ya haura. Matata tana cizon mayafi don kada in ji kukanta. Da muka koma, likitan bai yi mini gori ba, ya dai ce jijiyar ta wuce gyara. Mazan da na hana su zura waya, su ne suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Har yau in na tuna raina tafasa yake. Alhajin nan da ciwo ya kama tasa matar, bai shawarci kowa ba ya kai ta aka yi mata aiki. 'Yan majalisar ne kuma suka zo dubiya da ƙafafunsu bibbiyu suna ce mini ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma na san bakin da ya ce a'a. Ba mutuncinta na kare ba, dariyar majalisa na guda.

Yanzu keken ɗinki na hannu gare ta, ni nake juya mata shi tana ɗinki, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Don Allah maza, in iyalinku ta ce ƙafarta na ɗaurewa ko ta yi sanyi, ku kai ta asibiti, ku nisantar da ita daga garwashi. In likita ya ce a yi aiki, ku tambaye ta ita mai ƙafar abin da take so, kada ku kai maganar majalisa kamar yadda na kai.