Igiyar da Aka Ɗaure a Gindin Bishiya

A cikin masu gyaran bishiya na garin Taiping babu wanda bai san Abang Rozali ba, wato Yaya Rozali a harshenmu, gajeren mutum mai faɗin kafaɗa da taurin kan da ko matarsa ta sallama masa. Shekara goma sha tara ina tuƙa motar da ke kwashe rassan da ya yanko, don haka wannan labari ganau ne ni, ba jiyau ba.

Hawansa irin na da ne. Zai jefa igiya ta haye reshe ta dawo, bakinta biyu duk a ƙugunsa, ya riƙa jan kansa sama da ƙarfin damtse. Akwai wahala, amma ba mai hannu a igiyar daga ƙasa, kuma wannan ne ya ba shi bakin magana. In kamfani ya tura mu sare tsohuwar bishiya, sai ya hau ya ƙwanƙwasa ta da guduma yana kasa kunne. In ya ji ta ruɓe, shi ne farkon tada zarton inji. In lafiyarta ƙalau, sai ya gyara zama a reshe ya buɗe ƙunshin shinkafar kwakwarsa. Ba a kayar da itace da mutum a kai. Sau huɗu na ga manaja ya gaji da ɗaga wuya ya haƙura.

Mai taimaka masa daga ƙasa Sudin ne, ƙanin matarsa, wanda Rozali ya ɗauko daga gyaran babur ya koya wa sana'ar. Da kafaɗar Rozali ta fara ciwo har tana hana shi ɗaga kofin shayi, Sudin ne ya zo da zancen sabon hawa. Igiya ɗaya ce miƙe, a ɗaure ƙarshenta a gindin bishiya, mutum ya riƙa takawa da ƙafa ta wasu ƙarafa masu cizon igiya. Ya ce kuma in zuma ta far masa a sama ko ya suma, ana iya sassauta ɗaurin daga ƙasa a sauko da shi.

"Wato ni birin da ake turawa tsinkar kwakwa ne, kai ka riƙe ni da igiya?" in ji Rozali.

Sudin ya yi dariya ya ce, "Ai biri ya fi ka jin magana, Abang. Yayata nake tausayi, kada ta zauna da miji mai hannu ɗaya."

Wata uku tsohon nan yana koyo, samari na yi masa dariya yana shanyewa. Kafaɗar ta yi sauƙi. Har cewa ya yi da ni ashe Sudin na da rana.

Sai aka tura mu wata tsohuwar bishiya a bakin kasuwa, inda ake son fili don ajiye motoci. Manaja ya ce cikinta ya ruɓe. Rozali ya hau kamar mai taka tsani, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Yana lilo a iska tsakanin rassa biyu ya leƙo ya ce wannan za ta binne jikokinmu, ba zai sare ta ba. Ya miƙa hannu zai kamo reshen da zai zauna.

Na ga manaja ya dubi Sudin, na ga Sudin ya durƙusa a gindin bishiyar ya kai hannu ga ɗaurin igiyar. Reshen ya kuɓuce wa yatsun Rozali. A hankali yake saukowa, yana juyi kamar guga a rijiya, ba abin kamawa. Masu shan shayi a rumfar gefe suka kwashe da dariya. Ni kuwa na ji kamar in haye Sudin da mota, don ba gargada yake sakin igiyar. Wanda ya saba gwada abu ne kaɗai ke yin sa da santsi haka.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa Rozali bai yi faɗa ba. Ya dubi ƙanin matarsa ya ce, "Tun yaushe, Din?"

Sudin ya sunkuyar da kai. Daga baya muka ji cewa tun kafin ya kawo zancen sabon hawan, manaja ya kira shi ofis. Rozali ya naɗe igiyar tsaf yadda ya koya mana, ya ajiye a gaban Sudin, ya tafi a ƙafa. Kafin la'asar bishiyar na ƙasa. Sawu shida na yi ina kwasarta, kuma ban ga ruɓa ko ta tafin hannu ba.

Yanzu Sudin ne shugaban ayarinmu. Rozali yana gyara wa mutanen ƙauye itatuwan duriyan, masu manyan 'ya'ya masu ƙaya, da tsohuwar igiyarsa, kafaɗar ta dawo da ciwonta. Duk ƙaramar sallah Sudin kan je ya durƙusa neman gafara, Rozali kan ba shi hannu saboda matarsa na kallo. Amma rannan na kai masa ziyara gona na tarar yana sama, na matsa gindin bishiyar don in sha inuwa. Ya leƙo, ni da muka yi shekara goma sha tara tare, ya ce in ja baya daga wurin.