Daminar da Anti Miriam Ta Ƙi Ɗaga Waya

Shekara da shekaru, kowace safiya kafin ta ɗora ruwan shayi, Miriam Andrawus takan leƙa ɗakin baya na gidanta a unguwar Sintali, inda tsofaffin wayoyi ke jere a kan faranti, kowacce da igiyarta zuwa jikin kwamfuta. Akwai mai fasasshen gilashi, akwai wadda aka ɗaure da roba. Tana danna maɓalli sai su ɗauki ƙara bi da bi. Idan allo ya nuna kore, ta wuce makarantar da take koyar da darasin kwamfuta. Idan ya nuna ja, shayi ya jira. Maƙwabta sun daɗe suna zaton gyaran waya take yi, kuma ba ta iya ba.

Abin da take gwadawa manhaja ce ta gargaɗin ambaliya. Masu sa kai a saman kogi sukan turo saƙo idan ruwa ya hau, ita kuma manhajar ta kira mutanen bakin rafi da Hausa, Fulatanci ko Mumuye, ta ce su kwashe. A buɗe take, kowa na iya duba cikinta, ya kwafa, ya kawo gyara, ba a biya. Shi ya sa ba a taɓa yi mata bikin ƙaddamarwa ba: babu kwangila, balle rumfa da babban baƙo mai jawabi. Sai dai mai gyara yakan ɓata. Don haka Miriam ta rubuta ƙananan gwaje-gwaje masu gudanar da kansu. Duk wanda ya kawo gyara, daga unguwar Kachalla Sembe yake ko daga wata ƙasa, sai na'ura ta bi shi da waɗannan gwaje-gwaje kafin a karɓa.

Kowane gwaji da sunan mutum. Akwai gwajin Fanta, wata mai tallar nono da wayarta ke wurin mai caji ranar da aka kira. Manhajar ta kira sau ɗaya ta haƙura, ruwa ya tafi da awakinta. Miriam ta je ta zauna da ita, ta dawo ta rubuta gwajin da ke tabbatar da cewa idan waya a kashe take, za a ci gaba da kira, a kuma kira maƙwabci. Da aka gaya wa Fanta sunanta ya shiga kwamfuta, sai ta tambaya ko kwamfutar za ta dawo da awakin. Aka ce a'a. Ta ce to ta kula da sauran.

Ke ce kika mai da asarar mutane abin da na'ura ba ta da ikon mantawa, Anti. Mu da muke mantawa da ambaliya da zarar takalmi ya bushe mun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Bara likita ya ce idanunta sun gaji da allo, ga ritaya ta zo. Nan aka tuna cewa manhajar ta kowa ce a baki, ta Miriam ce a aikace. A garin nan mun saba da ƙungiyoyin da ake binnewa tare da shugabansu. Idan wannan ma ta bi sahu, irin su Baba Manga, da ke zaune da jikokinsa a bakin rafi, za su koma duban sama suna kintace.

Da damina ta kama, ta kira Nathan, mai gyaran waya a kasuwa, da Amatullah, ma'aikaciyar jinya da ta koyi rubuta manhaja a hannunta. Ta miƙa musu farantin da kalmomin sirri, ta cire sunanta daga masu ikon karɓar gyara. Ta ce gwaji ɗaya ya rage ba ta yi ba, na rashinta. Ta tattara ta koma gidan mahaifiyarta a ƙauyen Kona.

A watan Agusta wani mai sa kai daga ƙetare ya turo gyaran da ke sa kira ya yi sauri, abin da aka daɗe ana nema. Gwajin Fanta ya yi ja. Ga hadari kullum. Nathan da Amatullah suka kira Miriam, ba ta ɗaga ba, sai suka hau keke suka same ta tana gyaran yakuwa.

"Anti, gwajin Fanta ya yi ja," in ji Nathan.

"To ai ya yi aikinsa. Ku kun yi naku?"

Amatullah ta ce rayukan mutane ne, ba lokacin horo ba ne.

"Shi ya sa, 'yata. Gara ku rasa ni yanzu da nake da rai, kuna iya hawa keke ku zo ku zage ni."

Ta ba su abinci ta sallame su. Ƙanwarta Roseline ta ce ita kanta Miriam ba ta ci ba ranar. Ta yi ta fita tana duban gabas, ta ɗauki waya ta ajiye.

Su biyun suka koma suka tono matsalar. Ashe saurin ya samu ne don sabon gyaran yana tsallake duk lambar da ba a ɗaga ba. Ba su watsar da shi ba, suka rubuta wa mai shi bayanin yadda ake barin waya a shagon caji, abin da bai taɓa jin labarinsa ba. Ya gyara, allo ya yi kore. Ranar da kogi ya hau, wayar Baba Manga a kashe take, aka kira maƙwabcinsa, suka fice kafin ruwa ya shiga tsakar gida. Har yau yana sa wa Miriam albarka a kan wannan kira. Shekaru ba a gode mata abin da ta yi ba, yanzu ana gode mata abin da ba ta yi ba, kuma ta ce wannan godiyar ta fi mata daɗi.

Bayan damina ta turo wani ɗan gyara, kamar kowa. Na'ura ta nuna ja. Wani sabon gwaji ne ya kama ta, gwajin Rejoice, wanda Amatullah ta rubuta saboda wata kurma da ba ta jin kira sai saƙon rubutu. Amatullah ta yi ta juya yadda za ta faɗa, daga ƙarshe ta rubuta: "Anti, ki yi haƙuri, ba mu karɓa ba." Roseline ta ce duk wanda ya shigo gidan sai Miriam ta nuna masa saƙon, kamar takardar shaidar digiri.

Mun gode, Anti Miriam. Allah ya ƙara wa idanunki lafiya. Duk mai riƙe da wani abu na jama'a, mabuɗin famfon unguwa ne ko shugabancin ƙungiya, ya koya wa wani, ya miƙa tun da sauran ƙarfinsa, ya tafi ƙauye damina guda ya gani ko abin zai tsaya. Ita dai tana can tana sake gyaran nata. Ta ce tana sa ran wannan karon yaran za su karɓa.